Karfasa Mai Shekara Arba'in da Bakwai

Ina neman gafarar kifayen dam ɗin Shiroro, domin na taɓa yi wa ɗayarsu ƙazafi.

Ina sabon ma'aikaci a ofishin kula da kamun kifi a Minna, Oga ya ba ni ɓawon wata karfasa in gano shekarunta. Ya fara nuna mini irin zoben da ake ƙirgawa a jikin ɓawon, na katse shi: "Na gane, ranka ya daɗe." Ni da na iya ƙidaya tun aji ɗaya?

Na sa ɓawon a madubin ƙara girman abu, na ƙirga kowane layi har sau biyu.

Muka tafi Kuta taro da masunta, inda za a yanke ko kifin sun isa kamu. Na miƙe cikin sabuwar rigata, na gyara murya: "Wannan karfasa shekararta arba'in da bakwai."

Sarkin masunta ya cire hula, ya ce, "Innalillahi! Malam, ashe yayata muka soya jiya?"

Oga ya rufe fuska da fayil. Ashe zobe mai kauri kaɗai ake ƙirgawa. Shekararta biyu.

Har yau in na shiga kasuwa, masu kifi kan ɗaga karfasa su ce, "Malam, zo ka gai da Iya."