Zanzaro a Gidan Surukai

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar da na zama makanike a gidan surukaina da ke Dumega. Ni malamin makaranta ne a Dogon Dutsi, inda ake kiran malamin boko Mushe, wato "monsieur" na Faransanci, kuma ilimina na babur bai wuce zaman hira a bakin gareji ba.

Na je gaisuwa tsaf da ni, na cusa riga cikin wando, na yi zanzaro. Na tarar da Baba, surukina, yana ta buga tsohon babur ɗinsa, irin mai hayaƙin nan da ake gauraya wa fetur da man inji. Tun damina yake jingine a rumfa, ga shi ana jiran Baba wurin ɗaurin aure a Tibiri, shi ne waliyyin ango.

"Baba, bari in duba," na ce (ba wanda ya tambaye ni fa).

Na kwance buji, wato fulogi, na kankare. Shiru. Na kwance karbirato, na hura, na ɗanɗani fetur. Shiru. Kafin hantsi na baje cikin babur a kan tabarma, ina ta yi wa Baba bayani da Faransanci don kada ya gane na ɓata.

Inna, surukata, ba ta yi mini magana kai tsaye saboda kunya. Sai ta dubi Baba ta ce, "Malam, ni dai na ce zanzaro na."

Kunya ta kama ni. Wato shigata ce ba ta yi mata ba! Na juya baya, na zaro rigata daga wando, na ci gaba da aiki.

"Zanzaro na hwa," ta sake cewa.

Na duba jikina. Me kuma ya rage in zaro?

Da ta gaji, ta ɗauko tsinke ta zura a bututun hayaƙi. Busasshiyar laka ta zubo. Ashe ƙwaron nan, zanzaro, shi ya gina ɗaki ya toshe bututun.

Mayar da kayan ya ci awa biyu, har ƙusa uku suka yi saura. Babur ya tashi, Baba ya isa ana shafa fatiha. Ƙusoshin kuwa Inna ta ƙulle su a leda, ta aiko wa matata tare da kuka da daddawa, wai "kayan aikin Mushe".

Tun ranar na koyi abu biyu: kafin ka farke cikin babur, leƙa bayansa. In kuma surukarka ta yi magana, ba kullum da kai take ba.