Rasuwar Tsanin Giginya da Aka Rufe wa Baki da Fenti

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da ƙafar hagu mai cike da kumburi, ni Yazidu, a madadin iyalan gidanmu da ke nan Gaya, ina sanar da 'yan uwa da abokan arziki da dukkan masu zuwa aro rasuwar dattijon gidanmu, Tsani. Ya rasu ranar Talatar da ta wuce da hantsi, yana jingine da bangon ɗakin mahaifiyarmu, Inna Kaltuma. A bakin aiki ya cika. Ina kansa lokacin da abin ya faru, shi ya sa nake wannan sanarwa daga kwance, ƙafa ɗaure cikin karan mai ɗori.

Marigayin ɗan asalin garin Bana ne. Daga giginyar can aka tsaga shi, mahaifinmu ya sa aka kawo shi a amalanke tun ina ɗan lakwal, wato ɗan makaranta. Jikinsa kaf giginya ne, ƙafafu da matakai, baƙi mai nauyi, ba kyau amma ba ƙarya. Gara ta sha gwada haƙoranta a kansa tana komawa da kunya. Mu ma ba mu ci amanarsa ba: bai taɓa kwana a ƙasa ba, yana da turakunsa biyu a bangon zaure, kuma duk shekara nakan shafe shi da baƙin mai da hannuna.

Halinsa kowa ya shaida. Da zarar zafi ya kai ƙarshe, gajimare ya fara leƙowa ta gabas, ni da shi mukan zagaye gidan ɗaki-ɗaki. Mu danne kusoshin kwanon da iska ta ɗaga, mu liƙe huji da kwalta, mu sare rassan dogon yaro masu gugar rufi, mu goge ƙurar da ta rufe fuskar sola. Bayan damina mu sake zagayawa muna neman tsaga a bango. Amma babban aikinsa ɗakin Inna ne. Shi kaɗai ne soron ƙasa da ya rage a gidan, domin Inna ta ce ɗakin kwano tanda ne, ita kuwa ba masa ba ce. Wanda ya san soro ya san sharaɗinsa: a sabunta yaɓe, a buɗe indararo kafin ruwan farko. Idan ganye da leda da sheƙar tsuntsu suka toshe indararo, ruwa ya kwanta a sama, rufin ya yi ta sha har ya ƙoshi, sannan ya sauko gaba ɗaya a kan wanda ke ciki.

Marigayin ba mai yawan surutu ba ne, amma ba ya ɓoye abin da ke ransa. Matakin ƙasa yakan ce ƙyat, wato sannu da zuwa. Na tsakiya yakan ja ƙiii, ya tuna maka ka ƙara ƙiba. Na kusa da ƙarshe kuwa yakan ce ƙirrr da ƙarfi, ma'ana kama bango. Shekara da shekaru wannan ƙirrr ɗin ke riƙe da raina, ban sani ba sai da na rasa shi.

Mai kyauta ne har abin ya yi yawa. Kartiyen nan tamu, unguwar kaf, babu rufin da bai hau ba. Mutane sun sayi babura, sun sayi firji, wasu sun ƙara aure, amma babu wanda ya ga dalilin mallakar tsani tunda na gidan Yazidu yana raye.

Rashin lafiyarsa ta fara ne cikin rani, ranar da ƙanena Cha'ibu, direban kamiyo, babbar motar ɗaukar kaya, uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya, ya zo aronsa wai zai gyara kwan lantarki a gidansa. Kwan lantarkin nan ya ɗauki makonni. Sai daga baya, ina kwancen nan, na ji gaskiya daga bakin masu zuwa dubiya. Tasha aka kai dattijon. Aka jingina shi da kamiyo, ƙatti suka yi ta hawa da sauka a kansa da buhunan albasa, aka ɗaure shi a saman lodi ya ƙetare gada zuwa Malanville ya dawo, ba sau ɗaya ba. A can matakinsa na kusa da ƙarshe ya karye, ƙafarsa ɗaya ta tsage.

Da za a dawo mini da shi, sai ga shi shuɗi fes, yana walƙiya daga sama har ƙasa. Cha'ibu ya ce, "Yaya, na ga ya tsufa ne, na ce bari in yi masa sabuwar riga." Na ji daɗi har na kira maiɗakina Zuwera ta zo ta gani. Na sa masa albarka a ƙofar masallaci, a gaban mutane, na ce kowa ya koyi mayar da kayan aro daga wurin ƙanena. Wannan albarkar ita ce ta fi ƙafar yi mini zogi.

Ranar Talata na sauko da shi daga turaku, na rataya kwando, na nufi indararon Inna. Matakin ƙasa bai gaishe ni ba. Na tsakiya bai yi mini tsiyar ƙiba ba, na ce ko sabuwar riga ce ta sa shi jan aji. Na ɗora ƙafa a na kusa da ƙarshe ina jiran ƙirrr. Abin da ya ce shi ne ɓas, kuma ita ce kalmarsa ta ƙarshe a duniya.

Ina kwance a ƙasa na ga cikin karayar. Fari ne tas. Katakon akwatin tumatir ne aka fiƙe aka soka a gurbin giginya, aka cike tsagar ƙafar da garin katako da gam, aka bi da fenti.

Jama'a su shaida, ba karyawar ce ta ƙona mini rai ba. Kowa na iya karya abu. Da Cha'ibu ya kawo shi a karye ya ce Yaya ga abin da ya faru, da na yi faɗa, da na huce, da mun nemo giginya. Fentin ne. Ya zauna ya zaɓi launi, ya bi kowane lungu da buroshi, alhali ya san wanda ke hawa tsanin nan, ya san abin da ake hawa yi, ya kuma san wadda ke kwana a ƙarƙashin rufin. An ce ɗan'uwa rabin jiki. To ni rabin jikina ne ya karya ɗaya rabin. Ya zo dubiya da ledar lemo, ya ce ƙaddara ce, ya wuce gawar a zaure bai ko kalle ta ba.

Shi ma marigayin na yi fushi da shi kwana biyu, don ya ga rami ya bar ni na taka. Na yafe masa da na tuna an cika masa baki da gam.

Ya rasu ya bar cebur ɗaya, kwando ɗaya, guduma mai kwancen kai, rabin gwangwanin baƙin mai da turaku biyu da ke kallon zaure ba su san abin da za su riƙe ba. Ya bar maƙwabta da dama, cikinsu har da wanda ya zo ta'aziyya ya tambaya ko guntun da ya rage zai kai katangarsa. Ya kuma bar indararon Inna a toshe kamar yadda ya same shi. Jiya an yi yayyafi, yau da safe Zuwera ta ga danshi a saman gadon tsohuwa.

Na aika a roƙi Inna ta koma ɗakin kwano ko na mako guda ne. Ta ce, "A nan ubanku ya ajiye ni. Ina da 'ya'ya maza har biyu, ruwa ya ci ɗakina?" Ban gaya mata aikin wane ne ba, kuma ina roƙon masu zuwa gaisuwa kada su gaya mata.

Game da jana'iza, an kankare fentin domin ya tafi da fuskarsa ta gaskiya. Zuwera ta nemi a ba ta shi ta hura wuta, na hana. Za a kai ƙafafunsa biyu ɗakin Inna a tokare azara da su daga ciki, ya ci gaba da aikin da ya sani. Matakin tumatir ba danginsa ba ne, ba za a haɗa su ba. An ajiye wa Cha'ibu shi, gadonsa ke nan.

Za a yi zaman makoki gobe Alhamis da sassafe a saman soron Inna Kaltuma. Ba a bukatar goro ko dabino. Duk wanda ya taɓa hawa marigayin ya zo da cebur ko kwando, wanda kuma ya san inda wani tsani yake, daga nan har Bengou, ya aro mana, muddin ba mai fenti ba ne. Cha'ibu ne zai fara hawa. A taimaka a zo da wuri, gabas ta yi baƙi tun la'asar, Inna kuwa tana ciki ta shimfiɗa tabarmarta.