Littafin da Aka Ɓoye wa Talaka

Ranar da na shiga laburaren unguwarmu a Muchia na tarar babu littafin tarihin yajin aikin ma'aikatan jirgin ƙasa, nan take na gano bakin zaren: ɓoye shi aka yi don kada talaka ya waye. Ni da na tsufa ina koyarwa, wa zai yi mini wayo?

Ban tambayi kowa ba. Na rubuta koke shafi uku, na bi masu shaguna a yankin PZ suka sa hannu, na gayyato ɗalibai biyu daga Samaru su ɗauki bidiyo. A taron kwamitin laburaren na miƙe na yi jawabi kan 'yancin karatu har muryata ta dushe. An ma tafa mini.

Madam Rifkatu, mai kula da laburaren, ta jira na zauna, sannan ta zaro kati ɗaya daga akwatin katunan aro.

"Baba Malam, karanta mana sunan wanda ya ara."

Sunana ne, da sa hannuna, tun bara waccan. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Sai matata Saratu, da ke zaune a bayan ɗakin taron, ta ce, "Mai jan bangon nan? Ai da shi ka tokare ƙafar gadonmu."

Ɗaliban nan ba su kashe waya ba.

Har yau in na ratsa PZ, sai mai shayi ya ɗaga murya: "Baba Malam, a leƙa mana ƙarƙashin gado, ko da sauran abin da gwamnati ta ɓoye!"