Nasihar Da Na Yi Wa Rakiya Ranar Aurenta

Ba zan taɓa mantawa ba, ko tsufa ya cinye sauran tunanina, da nasihar da na yi wa ɗiyata Rakiya ranar da za a kai ta ɗakin miji.

Ni mai haƙar rijiya ne. Ban shiga lakol na yi boko ba, ban iya surutu ba. Na ga fari, na ga yunwa, rijiya ta taɓa ruftawa da ni wajen Tebaram, aka zaro ni da kunne ɗaya a mace. A unguwarmu cikin Tawa, in na ce a'a, magana ta ƙare. Wannan kwarjinin shi ne duk dukiyata.

Shekarun da siyasa ta dawo, albashi ya daina zuwa, malamai suka shiga yajin aiki, 'yan lakol suka zauna gida. Ni ma na zauna, don ba mai halin biya a haƙa masa rijiya. Rakiya ta samo wani littafin Faransanci marar bango. Kullum bayan azahar ƙawayenta su taru, tana karantawa tana juya musu da Hausa. Na ji kaɗan na ce, "Shirme. Kar in sake ji." Suka koma bayan rumbu. Ba a jima ba ni ma na ja tabarmata gindin zanar da ke wurin (don inuwa, haka na ce wa uwarta), na rufe ido, na juyo kunnen mai rai sama.

Labarin wani mutum ne da ya mutu bai mutu ba. Ba ya fita rana, ba ya tsufa, jinin mutane ne tuwonsa. Ya kamu da son wata yarinya 'yar Adam, mai wanki. Ga kuma wani baƙin aljani yana bin ta. In mai shan jinin ya cije ta a wuya, za su zauna tare har abada, amma ta yi sallama da hasken rana da danginta. In bai cije ta ba, ta tsufa ta mutu ta bar shi. Ni da ƙasa ta danne ban yi ƙara ba, sai ga ni kwance ina munsharin ƙarya, gabana na faɗuwa saboda wata Baturiya da ba a taɓa haifa ba.

An kai inda yarinyar ta miƙa masa wuya ke nan, aka sa ranar auren Rakiya da wani ma'aikacin asibiti na Kalfu da suka daɗe suna son juna. Karatu ya tsaya, aka shiga daka da ɗinki. Wa zan tambaya? Na taɓa ɗaukar littafin a ɓoye na jujjuya. Ko hoto babu.

Ranar buki da la'asar ƙanwata Hajo ta shigo da ita ɗakina a lulluɓe, tana kuka. Ga gwaggon ango, ga ƙawayen amarya, mota na jira a ƙofar gida.

"Yaya, ga ɗiyarka. Ka yi mata faɗan ƙarshe."

Na ce, "Ku ba mu wuri." Suka fita suka tsaya bayan asabari, kowa ya kasa kunne, yau dattijo zai yi magana.

Na shirya zancen haƙuri da riƙon amana. Wallahi na shirya. Amma na tuna in motar nan ta tashi, ƙarshen labarin ya tafi Kalfu. Na sunkuya na yi raɗa (mai mataccen kunne bai san ƙarfin muryarsa ba, an ce har masu girki sun ji):

"Rakiya. Ya cije ta ko bai cije ta ba?"

Hajo ta ɗaga asabari. "Yaya, wa ya ciji wa?"

Gwaggon ango ta kutso kai. "In yaronmu ake nufi, a faɗa mana tun yanzu. Mu dai ba mu san shi da cizo ba."

Ƙawayen nan suka zube ƙasa da dariya. Ɗaya ta samu numfashi ta warware wa manya zancen, tun daga littafin har aljanin. Na duba Rakiya, kafaɗunta na rawa cikin mayafi, kuma ba kuka ba ne.

"Bai cije ta ba, Baba. Ya kashe aljanin, ya bar ta 'yar Adam. Ta tsufa a hannunsa, shi ya binne ta."

Kafin in kama bakina na ce, "Namiji."

"Da ka tambaya tuntuni," in ji ta. "Mun san ba barci kake ba. Mai barci ba ya cewa kash. Don kai nake ɗaga murya."

Hajo ce ta yi nasihar, ni ina duban ƙasa. Auren ya yi albarka, surukaina har yau in mun gaisa sai su tambaye ni lafiyar mai wanki.

Abin da na koya ba shi da yawa. In labari ya kama ka, ja tabarmarka ka zauna cikin yara ido buɗe. Gara su yi maka dariya su kaɗai da a haɗa da surukai.