Jajayen Rigunan da Na Ɗinka wa Zakaru

Na amsa laifina: ban san ƙwallon kwando ba. Son sani ne ya zaunar da ni gaban talabijin a masaukinmu na unguwar Sanyuanli, can ƙasar Sin, na tambayi abokin fataucina Isiyaku yadda ake yi.

Ya ce, "Wanda ya fara cin wasa huɗu shi ke da kofi. Jajaye sun ci uku, farare ɗaya."

A ranar na sa tela ya ɗinka jajayen riguna kwali ashirin, da "Zakaru" a ƙirji, don in riga kowa kaiwa Kano.

"Alhaji, jira mana."

"Ai magana ta ƙare."

Farare suka ci uku a jere. Har yau ban gane yadda aka yi ba.

Yanzu ko sallama na yi a kasuwa, sai a amsa: "Saura wasa ɗaya, Alhaji!"