Fatalwar Usta Usman a Gidan Tubali

Ko me zan manta a duniya, ba zan taɓa mantawa da yammacin da na fito da gudu daga shagona a Kasuwar Umdurman ba, ƙafa babu takalmi, awon ɗinki na reto a wuyana, ina shelar cewa mamaci ya dawo. (Da gemuna a lokacin, kada ka ce yarinta ce.)

Ni tela ne. A hannun Usta Usman na koyi sana'a, tun ina tsintar zare a ƙasa har na iya yanka wuyan jallabiya. Mutum ne mai ɗaure fuska, in ya kalle ka ta saman tabarau sai ka tuna duk laifin da ka yi tun daga yaye. Da ciwo ya kwantar da shi, ya kira ni ya damƙa mini shago da keken ɗinki, sannan ya ce, "Ga Nafisa nan. Ka riƙe ta kamar ƙanwarka." Na ce to, Usta. Abin da bai sani ba shi ne na daɗe ina son 'yar tasa, kuma ba irin son wa da ƙanwa ba. Bayan rasuwarsa sai na kasa fitar da maganar. In na faɗa, gani nake na ci amanar mamaci. In na yi shiru, wani zai riga ni. Nafisa takan zo layinmu wasu ranaku ta taya gwaggonta, Hajja Sa'adiya, sayar da turaren wuta. Shagonsu na bayan nawa, bango ɗaya ya raba mu. Gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ma kaina a ƙasa nake amsawa.

Maƙwabcina na dama, Bashir mai gyaran waya, shi ne ya jawo mini. Yana da intanet a shagonsa, wanda muke kira shabaka, kuma duk layin da ita muke amfani, daga masu yadi har masu turare. Wata rana kasuwa ta yi sanyi, ya karɓi wayata ya sa mini wani wasan gini. Duniya ce guda a cikin waya, komai nata tubali ne mai kusurwa huɗu: ƙasa, itace, ruwa, har tumaki. Ka haƙa, ka tara, ka gina abin da ka ga dama. In duhu ya yi a cikin wasan, dodanni su fito. Ya nuna mini yadda ake fasa tubali da yadda ake ɗora shi, aka kira shi, ya tafi. Iyakar karatun da na samu ke nan.

To me mai soyayya a ɓoye zai gina? Gida na gina, irin wanda nake mafarkin yi a filinmu na unguwar Dar Salam. Tsakar gida mai faɗi, rumfa ta shan iska, wurin randunan ruwa a gindin bishiya, madafa can a kusurwar baya. Na yi ɗakuna biyu. A ƙofar babban na kafa allon katako (wasan yana bari ka yi rubutu a kai) na rubuta: Ɗakin Nafisa. Na ce ai waya tawa ce, duniya tawa ce, daga ni sai Allah.

Ranar da abin ya fara, bayan la'asar ne. Ina cikin gyaran rumfa sai na ga ƙofar gidan ta buɗe da kanta. Wani ya shigo. Ba dodo ba ne, don dodannin na san su, kuma rana tsaka ce a wasan. Siffar mutum ce, tana tafiya a hankali tana waige-waige. A saman kanta akwai rubutu yana shawagi. Na matso da wayar kusa da ido na karanta: Usman Tela.

Wallahi sai da na ji sanyi ya ratsa ni tun daga tafin ƙafa. Siffar ta tsaya a gabana, ta durƙusa ta miƙe, ta durƙusa ta miƙe, ta sake. Sannan ta juya ta nufi babban ɗaki, ta tsaya a gaban allon nan, ta daɗe ba ta motsa ba. Na kashe wayar na tura ta ƙarƙashin tarin yadi, na zauna ina karanta duk abin da ya zo bakina. Na yi karatun allo, na san wanda ya mutu ba ya dawowa, ni da kaina na zuba wa Usta ƙasa. Amma duk wannan ilimi bai sa na iya ciro wayar daga ƙarƙashin yadin ba.

Da na koma gida Dar Salam na yi ƙarfin hali na buɗe wasan. Babu kowa. Washegari ma a gida, babu kowa. Sai a shago kawai yake zuwa, shagon da ya yi shekaru yana zaune a ciki, kuma ba kullum ba. Wannan ya ƙara tabbatar mini. Na fara jin kamar ana kallona ta saman tabarau in na sunkuya a kan keke. Na ɗinke wa wani mutum aljihu a rufe, na yi wa wani hannun riga ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Abinci ya daina shiga. Mahaifiyata ta tambaye ni ko zazzaɓi ne, na ce zafin gari ne.

Za ka ce me ya hana ni goge wasan in huta? Na yi niyya. Sai na tuna in na goge, gidan zai tafi da allon, kuma wa ya san inda Usta zai ɓullo in ya rasa wurin zuwa? Gara yana cikin waya da a ce yana cikin shago.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, ba kallo kawai yake yi ba. Duk zuwan da zai yi sai ya nufi madafa ya fara rushe ta, tubali bayan tubali, ya kwashe ya kai kusa da randuna ya fara jerawa. Ni kuma ina laɓe a bayan rumfa ina kallo. In na rufe wasan na dawo wani lokaci, sai in mayar da madafar inda take. Ya sake zuwa, ya sake rushewa. Na fassara abin da kaina: Usta yana cewa ba za a taɓa hura wuta a wannan gida ba.

Har shagon Hajja Sa'adiya na zagaya na sayi turaren da ake korar aljanu da shi. Nafisa ce ta ƙulla mini. Ta tambaya ko lafiya, na ce sauro ne ya dame ni. Na ga ta ciji leɓe ta juya baya, na ɗauka kunya ce. Na dawo na turara shago, na turara keke, na riƙe wayar a kan hayaƙi har idona ya yi ja.

Bai hana komai ba. Da yammacin da nake ba ka labari, Usta ya shigo, ya wuce madafa, ya tsaya a gaban allon. Sai rubutu ya fito a saman wayar, da sunansa a gaba: "Na ga abin da ka rubuta."

Ban san lokacin da na sauko daga kujera na durƙusa a ƙasa ba. Na lalubo wurin rubutu, na fara zubawa da haruffan Larabci, Hausa da Larabci a cakuɗe yadda suka zo. Na ce Usta ka yafe ni don Allah. Na ce ban taɓa yi mata maganar banza ba, ko ido ban taɓa haɗawa da ita ba. Na ce na kasa riƙe ta kamar ƙanwa, aurenta nake so, tun kana da rai nake so, tsoronka ya hana ni faɗa. Na ce in ba ka yarda ba zan rushe gidan da hannuna, ka koma makwancinka ka huta. Na aika.

Sai siffar ta juyo ta fara takowa wajena. A daidai nan wani abu ya bugi bangon bayana, aka yi wata irin ƙara kamar an shaƙe mutum. Na yi jifa da waya, na tsallake keke, na faɗa layi ina cewa, "Usta ya dawo! Jama'a, Usta Usman ya dawo!"

Kafin ka ce me, layi ya cika. Masu yadi, masu shayi, wani mai raksha, babur ɗin haya mai ƙafa uku, har ya kashe mashin ya sauko. Wani dattijo ya kama kaina yana tofa mini addu'a. Bashir ya shiga ya ɗauko wayar, ya duba, ya dube ni, sannan ya zauna a kan dakali ya riƙe ciki.

Da ya samu numfashi ya yi mini bayani a gaban kowa, a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Ya ce duniyar da na gina a wayata take zaune, gaskiya ne, amma ƙofarta a buɗe na bar ta. Duk lokacin da na buɗe wasan ina kan shabakarsa, duk mai wasan a layin zai ga duniyata a jerin wuraren da zai iya shiga. In ya shiga, ni da shi muna wuri ɗaya, yana ganina ina ganinsa, yana iya fasawa yana iya ginawa, sai in na hana shi a wurin saiti. In na rufe, shi ma an fitar da shi. A Dar Salam ba na kan wannan shabaka, shi ya sa ba ya zuwa. Durƙuson nan kuwa gaisuwa ce ta 'yan wasan. Sunan da ke saman kai kuma sunan da aka buɗe wayar da shi ne, ko mai ita yana raye ko ba ya raye.

"Yanzu ka tuna," in ji Bashir, "wa ya gaji wayar Usta?"

Amsar ta riga ta zagayo kwana. Hajja Sa'adiya ce a gaba, riƙe da tsohuwar wayar Usta mai tsagaggen gilashi, Nafisa na bayanta ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ƙarar da na ji ashe ita ce ta faɗa jikin bango don dariya. Hajja kuwa ba ta san rufa-rufa ba. Ta miƙa wa Bashir wayar ta ce idonta ba ya gani sosai, ya karanta mata abin da wannan yaro ya rubuta wa ƙaninta. Ya karanta, da ƙarfi, bai tsallake ko harafi ba. Da ya kai wurin "ka koma makwancinka ka huta" har dattijon da ke mini addu'a ya saki kaina.

Na so ƙasa ta tsage. Hajja ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, "Ɗana, mamaci ba ya ba da aure. Kawunta yana Aljirif, da ransa da lafiyarsa. Ka sa takalmi ka je."

Na juya zan shige shago, sai na ji muryar Nafisa ƙasa-ƙasa daga cikin mayafi: "Yaya, madafar ta yi nisa da randuna. Wa kake so ya riƙa jigilar ruwan?"

Na je Aljirif. Kawun ya riga ya ji labari (duk Umdurman ta ji), ya tarbe ni da tambayar ko ɗan'uwansa ya ba ni wani saƙo. Har yau in na haɗu da mutanen layinmu, a duk inda zamani ya watsa mu, ba sa kirana da sunana, sai dai su ce ya Usta yake.

Darasin da na koya guda biyu ne. In aka sa maka abu a waya, ka tambayi ina ƙofarsa take kafin ka rubuta sirrinka a bango. Na biyu kuma, da muka tashi gina gidan gaske a Dar Salam, ban yi gardama ba: madafa tana nan kusa da randuna, inda fatalwa ta ce a sa ta.