Rasuwar Dogon Ido

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da harshen da ya yi nauyi, Ibram ɗan Ya Meram, akawun awon gyaɗa a Nguru, haifaffen bakin kogi a Gashuwa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki rasuwar madubinsa na hangen taurari, wanda 'yan gida suka sani da Dogon Ido. Ya cika ranar Juma'a da hantsi, a tsakar gida, a hannun wadda ba ta nufe shi da sharri ba.

Ba a san shekarunsa ba. A Ingila aka haife shi, haka aka rubuta a gindinsa. Ya shigo ƙasar nan cikin akwatin katako, ya hau jirgin ƙasa har Nguru tare da wani Bature mai haƙa rijiyoyi. Da Baturen ya tashi komawa gida, akwatin ya yi masa nauyi. Sai ya bar wa Ibram, wanda ya gama sakandare a shekarar, yake kuma rubuta masa wasiƙu. Ya haɗa masa da akwatin ɗaukar hoto, da farantan gilashi goma sha biyu da ake ɗaukar hoton a kansu, da littafi guda wanda gara ta cinye bangonsa.

Marigayin mai haƙuri ne. Jikinsa tagulla, ƙafafunsa uku, can cikin cikinsa kuma madubi guda mai fatar azurfa, faɗinsa kamar murfin kwano. Bai taɓa neman kananzir ba. Ba ya son fitila kusa da shi. Maganarsa biyu ce tak. In an juya shi ya ce “ƙiii”. In ana murɗa ƙaramin kunnen da ke gefensa don bin tauraro ya ce “ƙis, ƙis, ƙis”. Bai ƙara a kan haka ba har ya bar duniya.

Bai yi wa kowa rowa ba. Masunta sun ce bindiga ce, ya nuna musu ramukan wata. Liman ya leƙa ya ce Subhanallahi, ya tafi, ya dawo ya sake leƙawa. Wata tsohuwa ta leƙa ta ce ita gashin idonta kawai ta gani, bai yi fushi ba.

Buri ɗaya aka ɗora masa. A sama ta arewa akwai wani ɗan fari-fari, kamar an dangwala yatsa a gari an shafa a baƙin zane. Turawa na ce masa Andiromida. Littafin ya ce ba gajimare ba ne, taurari ne da ba su ƙirguwa, sun naɗe kamar faifan da aka jingine a karkace. Ya ce hasken da ke iso mu yau ya baro can tun shekaru dubu ɗari-ɗari. Wato abin da ido ke gani ya riga ya wuce. Ibram ya karanta wannan layin ya kasa barci. Ya ƙudura sai ya kama faifan nan a gilashi.

Amma sama ba ta tsayawa a ɗauke ta hoto. Sai an ɗaure akwatin hoton a bayan Dogon Ido, an bar shi buɗe sa'a guda cur, mutum kuma ya kafa ido, ya riƙe tauraro ɗaya a mahaɗar zaren gizo-gizo biyu da aka gitta a ciki, yana murɗa kunnen a hankali. Ka yi tari, ka ɓata. Ibram ya ɓata farantai goma sha ɗaya. Hannunsa na alƙalami ne, gaggawa gare shi.

Yayansa Abatcha masunci ne, mai saƙar koma, bai taɓa zama a aji ba. Ya daɗe yana kallo yana dariya. Ran nan ya ce, “Kai da duk karatunka zare biyu sun gagare ka? Matsa, akawu. Mu da muke jiran kifi tun asuba ba ma ko ƙifta ido.”

Ya matsa. A hannun Abatcha muryar Dogon Ido ta daidaita kamar numfashin mai barci. Duk lokacin da Ibram ya zo gida sai su gwada ba faranti, har suka ga ya yi.

Wani daren Alhamis cikin Janairun bana, babu wata, suka hau tudun yashin bayan gari da faranti na ƙarshe. Abatcha a kan madubi, Ibram cikin bargo da agogo. Minti arba'in lafiya lau. Sai “ƙis” ɗin ya fara sarƙewa.

Abatcha bai ɗaga ido ba ya ce, “Ibram, wuyana ya riƙe. Kaina kamar ana sara.”

“Saura minti ashirin, Yaya. Shi ne na ƙarshe. Daure.”

“To, akawu.”

Ya daure. Sanƙarau na cikin gari a lokacin. Kowa ya sani. Ibram ma ya sani. Da asuba ya hau motar gyaɗa ya koma bakin aiki, bai faɗa wa kowa komai ba. Aka kwana biyu a gida ana cewa sanyi ne. Ranar Litinin aka binne Abatcha. Malamin magani ya ce ko da an kawo shi da wuri, sai abin da Allah ya yi. Mai yiwuwa haka ne. Da mahaifiyarsu Ya Meram ta tambayi Ibram yadda suka rabu, ya ce, “Ƙalau, Ya.” Wannan takarda ce wuri na farko da aka faɗi akasin haka.

Daga ranar Dogon Ido ya kwanta ciwo. Aka jingine shi a ɗakin Abatcha, ba mai taɓa shi, tagullar ta yi kore. Ana gobe sadakar arba'in Ya Meram ta fito da shi tsakar gida. Abatcha ɗan farinta ne. Ba ta taɓa kiran sunansa ba yana raye, ba ta yi kuka a gaban mutane ba da ya mutu. Amma ba za ta bari baƙi su ga abin da ya so cikin dauɗa ba. Ta jiƙa tsamiya, ta ɗebo toka, ta goge shi yadda take goge tasoshin aurenta. Jikin ya ɗau ƙyalli. Ta kwance gindin, ta ga madubin ya yi dishi-dishi, ta bi shi ma. Azurfar ta bi ruwan toka ta shige ƙasa.

Ibram ya iso da azahar, ya leƙa. Duhu. A gaban matan da ke dakan gero ya ɗaga wa uwarsa murya.

“Kin san abin da kika yi? Kin kashe shi!”

Taɓare suka tsaya. Ya Meram ta dubi hannuwanta. “Gyara na yi. Na ce ko ya riƙe wani abu na yayanka a ciki, in goge in gani.”

Ana shafa fatiha washegari Ibram ya fita. Yau kwana goma sha tara bai taka Gashuwa ba.

Marigayin ya rasu ya bar ƙafafu uku. Ya bar akwatin hoto, wanda yanzu ba shi da ɗan jagora. Ya bar littafi, da zaren gizo-gizo biyu waɗanda har yau ba su tsinke ba, da farantai goma sha ɗaya da ba su nuna komai sai zane-zane kamar kaza ta yi tono. Ya kuma bar na goma sha biyu.

Wannan farantin, Ibram ya daɗe yana tsoronsa. Makon jiya ya kai wa Mudi mai hoto, na kusa da tashar jirgi, wanda aikinsa ɗaukar 'yan kasuwa cikin sabuwar riga. Mudi ya wanke, ya buga a takarda, ya fito yana girgiza kai.

“Akawu, abinka ya lalace. Ɗigo-ɗigo ne kawai, ga wani tabo a tsakiya kamar an zubar da nono.”

“Tabon ne hoton.”

Faifan ya fito. Tsakiyarsa fara, gefensa dishi-dishi, ga wani siririn duhu ya kewaye shi. Mudi ya ɗauko gilashinsa na ƙara girma ya duƙa.

“To, amma me ya sa kowane tauraro da 'yar wutsiya? Duk gefe ɗaya suka lanƙwasa, kamar ƙugiya.”

Ibram ya karɓi gilashin ya duba. Ɗigon shi ne minti arba'in. Ƙugiyar ita ce minti ashirin ɗin da Abatcha ya daure. Ya ƙirga har ɗari uku ya bari. Rawar hannu ɗaya ce, sama ta maimaita ta a kan kowane tauraro. Ya Meram ta yi gaskiya. Dogon Ido ya riƙe wani abu na Abatcha.

Tun daga ranar, in dare ya raba, Ibram na jin “ƙis, ƙis, ƙis” a ɗakinsa na bayan sito. Ya san ƙwaro ne cikin buhunan gyaɗa. Duk da haka yakan kwanta yana saurare, yana jiran inda za ta sarƙe.

Game da jana'iza: ba a yi wa tagulla salla, ba a yi mata likkafani, mai sanarwa ya san wannan. Za a mayar da marigayin akwatinsa na katako, a ɗauke shi daga gidan Ya Meram ranar Juma'a bayan la'asar, a kai shi tudun yashin bayan gari, a rufe shi inda ƙafafunsa suka tsaya a daren. Ba a buƙatar taro. Kada kowa ya kawo goro. Mai addu'a ya ajiye ta ga Abatcha, Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. Hoton kuwa na Ya Meram ne.

Ya Meram ba ta karatun boko. An liƙa wannan takarda a ƙofar shagon Mudi, an ba direban motar gyaɗa guda ya kai Gashuwa. Ana roƙon duk wanda zai karanta mata ya karanta duka, a hankali, kada ya tsallake wurin minti ashirin don tausayi.

Ibram zai iso da motar Alhamis. Zai tsaya a zaure. In ta ce ya shigo, zai shigo.